Jifan Tubali a Falon Likita

Shekara biyu na yi ina zuwa gidan Likita a Plumstead duk ranar Lahadi, ina cin tuwo, ina sauraron gardamar da ban gane kanta ba balle gindinta. Ba tuwon ke kai ni ba, ko da yake tuwo ne na kirki, da miyar kukar da ake aiko masa daga gida. Ƙanwarsa ce ke kai ni, wadda ke karatun aikin jinya, ita ce kuma ke kawo mana shayi in an gama cin abinci. Aurenta nake so. Kowa a gidan ya sani, har da ita.

Lokacin kuɗin mai ne, tsakiyar shekarun saba'in. Gwamnatin jiharmu na ta kwasar samari tana turawa waje karatu, ni kuma rabona ya faɗo London, in koyi fasahar gine-gine. Ina zaune a Tottenham, a wani ɗaki saman shagon mai gyaran takalma. Duk faɗin garin nan mutum ɗaya ne nawa na jini, wato Kawu, ƙanin mahaifiyata na nesa, ma'aikacin gwamnati da aka turo dogon kwas. Shi ya fara kai ni gidan Likita. Abokai ne tun a Amurka, inda suka yi digirinsu na farko a jami'a ɗaya, a wani gari da suka ce gonar masara ta fi gidaje yawa.

A can suka kwaso cutar. Wani irin wasan ƙwallo ne na ɗaliban jami'a, wanda ƙarti ke yi sanye da hular kwano da kafaɗun aro, ƙwallon kuma ba ta zagaye ba, tana da tsini gaba da baya. Sau ɗaya na yi kuskuren tambayar yadda ake yinsa. Likita ya share tebur, ya jera cokula da kofuna, ya ɗauko kwalbar yaji ya dasa a baya. Ya ce wannan kwalbar ita ce kwatabak, wato mai jifa, shi ne kan tafiya. Cokulan nan biyu da ke gefe su ne masu cafewa, su ruga a guje ya jefa musu. Ana ba ku dama huɗu ku ci taku goma, in kun ci a sake ba ku huɗu.

Na ce, “In ba a ci ba fa?”

Ya ce, “Sai a buga ta da ƙafa a ba abokan hamayya.”

Na ce, “To me ya hana a buga ta da ƙafar tun farko kowa ya huta?”

Suka dube ni su biyun kamar na shiga masallaci da takalmi. Daga ranar ban sake tambaya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba kallon wasan suke yi ba. Ba a nuna shi a talabijin ɗin Ingila. Wani abokinsu ne da ya maƙale a Amurka yake yanko musu shafin wasanni daga jaridar garin, ya sa a ambulan ya aiko, ta yi mako biyu ko uku a hanya. Wato wasan da suke tayar da jijiyar wuya a kansa an gama shi tuni, an wanke riguna, wanda ya gurɗe ma ya warke. Kuma duk rigimar a kan wani saurayi ce, sabon mai jifa da jami'ar ta samu, wanda babu ɗayansu da ya taɓa ganin ya ɗaga hannu. Hotonsa kawai suka sani, baƙi da fari, fuskar ma a cikin kwano take.

Likita yana bayan saurayin. Yakan buga takardar da bayan hannu ya ce, “Yaron nan yana da hannu, kyauta ce daga Allah. Masu cafewar ne ba su da amfani. Ana jefa musu tana zamewa kamar sun shafa man shanu. Karanta nan, sun yi dropping, sun yar da ita, sun sake yin dropping. Shi zai jefa kuma shi zai ruga ya cafe?”

Kawu ya girgiza kai a hankali, irin na mutanen ofis. “Ɗanye ne. Bai nuna ba aka tsinko shi. Koci mai hankali zai ajiye shi a benci shekara biyu yana kallon na gabansa, sannan a fito da shi.”

“A benci ake koyon jifa? Kai a kujerar baya ka koyi tuƙi?”

“Shi ya sa motarka ta sha bango sau biyu.”

Kocin kuwa duka biyunsu sun tsane shi, amma ko a nan ba su haɗu ba. Kawu ya tsane shi don ya sa yaron da wuri, Likita ya tsane shi don yana cire yaron da wuri. Na taɓa ganinsu sun yi rabin sa'a suna faɗa a kan wa ya fi wani sanin dalilin da ya sa ya kamata a kori mutumin.

Ni dai an rene ni a gidan da ba a yi wa babba musu. In babba ya faɗi magana ya dube ka, ka ce haka ne, ka sunkuyar da kai. Ba munafunci muke ɗaukarsa ba, ladabi ne. Don haka in Kawu ya tashi yin alwala, Likita ya matso ya ce, “Kai mai hankali ne, ka dai ga laifin masu cafewa ne ko?” sai in ce, “Haka ne, Likita.” In mun hau jirgin ƙasa za mu koma, tun kafin mu ƙetare kogi Kawu zai ce, “Ka ga taurin kan mutumin nan? Yaron ɗanye ne, ko ba haka ba?” sai in ce, “Haka ne, Kawu.” Ban ga abin da zan rasa ba. Ina ganin faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa.

Akwai wani haka ne ɗin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne ya hana ni sakewa a gidan. Ranar da aka fara kai ni, Likita ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Kafin in haɗiye lomar da ke bakina Kawu ya riga ni. “Ɗan kwangila ne, harkar gine-gine.” Ya juyo ya dube ni. Na ce haka ne. A shekarun nan duk wanda ya mallaki akori-kura ɗan kwangila ne, ba wanda zai yi mamaki. Su Likita kuwa gidan manya ne, mahaifinsu alƙali ne mai ritaya, kuma na gane Kawu so yake ya ɗan ɗaga ni in kai tsayin kujerar.

Gaskiyar ita ce mahaifina magini ne, na ginin ƙasa. Ba shi da mota, ko keke sai daga baya. Shekara shida na yi ina masa jifan tubali duk hutun makaranta da kowace Asabar. Wanda bai sani ba, tubali curin laka ne da ake mulmulawa, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya ya bushe. Magini yana zaune a kan katanga ƙafa ɗaya nan ɗaya can, na ƙasa yana jefa masa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa. Ƙaramin yatsana na dama a karkace yake har yau, don wata rana na yi jifa bai kai ba, tubalin ya daki bakin katanga ya dawo mini a hannu, maɗori ya ɗora yadda Allah ya ba shi iko. A London nakan ce ƙofar mota ce ta datse ni. In an miƙo mini shayi sai in lanƙwashe yatsan a ƙarƙashin kofi. Ranar da na fara ganin hoton ƙwallon nan mai tsini, tubali ne ya faɗo mini a rai, na yi maza na haɗiye.

Ita kuwa ƙanwar Likita ba ta da wannan ladabin nawa. Baki gare ta. Ta sa mini suna Malam Haka-ne, tana kuma kirana da shi a gaban kowa. Wata rana na kai kwanuka ƙofar kicin, ta karɓa ta ce, “Malam, kai kuwa akwai ranar da ba haka ba ne?” Na buɗe baki zan amsa, na ji abin da ke shirin fitowa, na rufe. Ta yi dariya har ta dafa bango. Na koma Tottenham ranar ina ta juya maganar, na rasa ko so ne ko raini.

Da karatunta ya zo ƙarshe aka ce za ta koma gida bayan sanyi, na ga in ban motsa ba wani zai riga ni. Na sami Kawu na yi ta kewaye-kewaye har ya gane. Mahaifinta ya riga ya rubuto cewa ya wakilta Likita, duk abin da ya gani a kanta shi ke nan, ɗaurin aure ne kawai za a yi a gida. Ni kuma a ƙa'ida dangin uba ne za su nema mini, amma a London wanda ka samu shi ne naka. Aka sa ranar Lahadi bayan azahar. Na yi yawon neman goro har na samu wurin wata Hajiya 'yar zangon Gana da ke sayarwa a ɗakinta, fari da ja, ta naɗe mini a ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Da ta ji na mene ne ta ƙara mini biyu ta ce, “Yarinyan ya yi sa'a,” yadda suke Hausarsu.

Mai neman aure ba ya zuwa wurin tambaya, wannan ko yaro ya sani. Kamata ya yi in zauna a ɗakina in jira. Na kasa. Na bi Kawu har Plumstead, na ce zan tsaya a shagon injin wanki da ke tsallaken titi, don akwai ɗumi kuma ana hango ƙofar gidan. Kawu ya gyara babbar rigarsa a ƙarƙashin kwat, ya rungumi ƙunshin goro ya ce, “Minti ashirin. Magana ce da an riga an gama ta.”

Abin da ba mu sani ba, ambulan ta iso ranar Juma'a. Likita kuma mutum ne mai amana, ba ya buɗe ta sai Kawu na wurin.

Na zauna ina kallon kayan mutane suna juyawa a cikin inji. Minti ashirin ya wuce, sa'a ɗaya ta wuce. Wata tsohuwar Baturiya ta wanke, ta busar, ta ninke, ta tambaye ni ko injin ne ya cinye mini kaya. Na yi la'asar a lungu bayan injunan busarwa. Na yi ta lissafin abin da zai sa tambayar aure ta kai sa'a biyu, duk abin da na lissafo ba mai daɗi ba ne. Ko an hana ni ne Kawu yana roƙo? Ko wani ya riga ni? Ko maganar kwangila ce ta tashi?

Hasken rana ya fara ja baya sai na ga an buɗe ƙofa. Ita ce, da kwat a kan zane da silifas. Ta tsallako titi kai tsaye, wato tun ɗazu ta san inda nake.

Ta ce, “Ana kiranka.”

Na miƙe. “An bayar?”

“Ba a ma tambaya ba tukuna.”

Na bi ta ban san me zan tarar ba. A falo na sami Kawu ya cire hula, Likita ya naɗe hannun riga, yankakkun jaridu a baje har ƙasa. Goron aurena kuma an kwance shi an jera a kan tebur, farare a gefe ɗaya, jajaye suna fuskantarsu. Babban farin da Hajiya ta ƙara mini shi ne a baya, shi ne mai jifa. An sake cinye jami'arsu, an kuma cire yaron ana tsakiyar wasa.

Kawu ya nuna ni. “Yauwa, ga shi nan. Faɗa masa abin da kake faɗa mini a jirgi.”

Likita ya ce, “A'a, ya faɗa maka abin da yake faɗa mini in ka tafi alwala.”

Suka dubi juna, sannan suka dube ni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na zo ƙarshen nawa a tsaye a kan kafet ɗin mutane. Na durƙusa.

Likita ya zauna. Muryarsa ta sauka, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce, “Malam, wasa ne, na sani. Ba abin da zai ƙare mu da shi. Amma shekara biyu kana ce mini haka ne, kana ce masa haka ne. Ni ƙanwata aka zo tambaya. Gobe in magana ta haɗa ta da wani a gidanka, wa za ka ce wa haka ne? Ina so in ji taka, ko a kan ƙwallo ce.”

Na dubi Kawu ko zai cece ni, ya ɗaga kai yana nazarin silin. Na dubi goron. Wallahi ban san wane gefe ne namu ba, farin ko jan. Kaina ya yi fayau, babu komai a ciki sai abu ɗaya, shi ne kuma wanda ba na so ya fito.

Na ce, “Likita, ni ban san wasan nan ba. Ko sau ɗaya ban taɓa ganewa ba. Amma na san jifa.”

Sai na ci gaba. Na ce a wurinmu ba a zaunar da sabon mai jifa ya yi kallo, ba a kuma fara shi da doguwar katanga. Ana sa shi ne tun gini yana iya ƙugu, katanga na tashi hannunsa na tashi tare da ita, kafin ta kai tsayin soro ya iya bai ma san ya iya ba. Na ce kuma ba a raba mai jifa da mai cafewa, yau wannan gobe wancan, don ba wuri ake jefa wa ba, mutum ake jefa wa. Sai ka san numfashinsa, ka san lokacin da zai juyo. In tubali ya faɗi, babana ba ya tambayar laifin wa. Sai ya ce, dubi idona kafin ka sake, jefo wani.

Likita ya ce, “Ɗan kwangila ne ke hawa katanga?”

Na ce, “Ba ɗan kwangila ba ne. Magini ne, na ƙasa. Ni nake masa jifa.”

Kawu ya yi tari. Na ji kunyar duniya ta rufe ni, ba kunyar sana'ar ba, kunyar shekara biyun. Na jira a ce in tashi in ba su wuri.

Likita ya ɗauki babban farin goron ya jujjuya shi. Can ya ce, “Wato dai laifin koci ne.”

Kawu ya yi farat. “Abin da nake faɗa ke nan tun bara!”

“Ba abin da kake faɗa ba ke nan! Kai benci ka ce. Ya ce ba a zaunar da shi.”

“Ya kuma ce ba a fara shi da doguwar katanga. Ka ji ko ba ka ji ba?”

Suka koma ruwa kamar ba ni a wurin. Ina durƙushe na rasa ko na ci ko an cinye ni. Sai da Likita ya miƙa hannu zai matsar da wani jan goro ya lura da ni, ya ce, “Kai kuma me kake yi a nan? Tashi ka fita, ba a yin wannan magana a gabanka.” Ban san wace maganar yake nufi ba, ta auren ko ta kocin. Na fita na ja ƙofa.

Tana tsaye a ɗan siririn lungun da ke tsakanin falo da kicin, riƙe da tiren shayi. Ba sai an gaya mini ta ji komai ba.

Na ce, “Na ɓata, ko?”

Ta ce, “Ɗago hannunka. Na dama. Ba taɓawa zan yi ba.” Na ɗaga. Ta dubi yatsan irin kallon ma'aikatan asibiti. “Ranar farko da ka karɓi kofi na gan shi. Ɗorin gida ne wannan, ƙofar mota kuma ba ta sa wa mutum kanta a tafin hannu. Yaya ma ya gani, aikinsa ne.”

“Kun sani?”

“Kai a ganinka Baba zai wakilta wani a kan 'yarsa bai bincika ba? Tun bara ya aika garinku.” Ta gyara riƙon tiren. “Ɗan aiken a kan katanga ya sami mahaifinka. Bai ma sauko ba. Aka tambaye shi halinka, ya ce shi ba zai yabi ɗansa ba, a tambayi mutanen unguwa. Har ɗan aiken ya juya zai tafi sai ya kira shi ya ce, abu ɗaya dai zai faɗa, cikin duk waɗanda suka taɓa jefa masa tubali babu mai hannunka. Ya ce tun da ka tafi bai sake cafewa ido a rufe ba.”

Shekara shida a gindin katangarsa, ko sau ɗaya mutumin nan bai taɓa ce mini na iya ba. Ni ina nan ina ɓoye shi a ƙarƙashin kofin shayi, shi yana can sama yana gaya wa baƙo. Na juya fuskata bango don kada ta gani, ta kuma yi mini kara, ta mai da idonta kan tiren.

A falo hayaniyar ta lafa. Na ji muryar Kawu ta canza, ta koma ta manya, a hankali, yana jero gaisuwa kamar yanzu ya shigo gidan. Likita ya amsa da 'yan kalmomi da ban ji ba. Sai Kawu ya ce, “Mun gode, Allah ya saka da alheri.” Likita ya ɗaga murya ya ce, “Fatiha.”

Ta dangwara mini tiren a hannu ta ɗaga nata tafukan. Na tsaya riƙe da shayin mutane, na kasa shafa fatihar neman aurena. Karkataccen yatsan yana waje a bakin tiren, ban lanƙwashe shi ba.